A Bayan Baffa, a Tashar Ramsis

A gidanmu ba a shiga gaban babba. In kuna tafiya da wanda ya girme ka, kana bayansa da taku uku, ko da kai ka san hanya shi bai sani ba. In kun iso ƙofa, sai ya shiga sannan ka shiga. Kayansa kai za ka ɗauka, har da abin da zai iya sawa a aljihu. Hannunka kuwa ba ya taɓa jikinsa sai in shi ya miƙo maka nasa, shi ma a durƙushe za ka karɓa. Da wannan aka rene ni a wani gari a kudancin Katsina, inda babu ƙofar da take rufe kanta, kuma babu motar da za ta tashi ta bar dattijo yana gyara hannun riga.

Ina shekara ta takwas a Alƙahira mahaifina ya rasu. Ya bar zauren da ya tsufa a ciki yana karantar da magidanta fiƙihu da nahawu bayan la'asar, ya bar buzunsa da kabad biyu na littattafai. Maganar wanda zai zauna a wurin aka bar ta a hannun ƙanensa, wanda muke kira Baffa. Mu biyu ake dubawa, ni da ɗan gwaggona, wanda bai taɓa wuce Zariya ba amma ya shekara goma yana ɗaukar wa Baffa buta da takalmi. Ba zan yi ƙarya ba, ina son zauren nan. A cikinsa na koyi haɗa baƙi, kuma dominsa na jure sanyin Masar da wakensu na kowace safiya. Duk littafin da na saya a kasuwar littattafai ta Darrasa, ina saye ne ina auna inda zai zauna a kabad ɗin mahaifina.

Sai dai labari ya riga ni isa gida cewa ɗaliban Masar sun lalace. Wai muna gaida malamai a tsaye, muna cin abinci muna tafiya, muna ce wa babba "yalla", wato yi sauri. Ban san wanda ya shuka labarin ba, amma na san wanda yake yi masa ban ruwa safe da yamma.

Ana cikin haka aka ce Baffa zai zo Alƙahira a cire masa yanar ido. Inna ta kira ni a waya. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana.

"Kai wannan," ta ce, "ka san ba ido kaɗai zai kai shi ba. Duba ka zai yi."

"Da idon da ba ya gani, Inna?"

"Da shi ɗin. Ka kama kanka."

Na kuwa kama kaina. Na bar masa gadona a ɗakin da muke haya a unguwar Hayyin Ashir, na koma kwana a falo, na gargaɗi abokan zamana su ɓoye gajerun wandunansu. Kwana biyu gwiwoyina suka sha aiki. In kawo shayi in durƙusa, in zo ɗauke kofi in durƙusa, in ya yi tari ma daga ɗaki sai in leƙa in durƙusa ko da magana. Baffa yana zaune da rawaninsa tun asuba, yana bina da ido, ba yabo ba fallasa.

Ranar Alhamis abu biyu ne a gabanmu. Da safe likita zai duba idon a Dokki, ƙetaren kogi. Da rana kuma Baffa ya ce sai ya je Tanta ziyarar kabarin wani waliyyi da ya daɗe yana jin labarinsa a bakin malamansa. Na ce ko a raba su kwana biyu. Ya ce shi bai zo Masar hutu ba. Hanyoyin duka biyu kuwa ta Ramsis suka bi.

Wanda bai san Ramsis ba, wuri ne da aka tara tasha uku a kan juna. A sama akwai gadar motoci, ƙarƙashinta ƙananan bas-bas jere, kowane direba yana kwarmata sunan unguwarsa kamar an yi masa sata. A gefe ga babbar tashar jirgin ƙasa mai zuwa Iskandariyya da garuruwan kudu. A ƙarƙashin ƙasa kuma jiragen metro ne, layi biyu sun gitta juna, ramuka da matakalai ta ko'ina. Mutumin Masar a gidansa akwai karamci, zai rantse sai ka sha shayi, zai kira ka basha, wato babban mutum, ko da silifas ne a ƙafarka. Amma mutumin nan guda in ka haɗu da shi a Ramsis zai take ka, ya ce "ma'alish", wato yi haƙuri, kafin ka ce ba komai ya kai wata unguwar. Ƙofar metro ce ta koya musu, don ba ta jiran kowa. Ni ma ta koya min, shekara takwas ina shiga da kafaɗa kamar kowa, sai dai ranar nan na bar kafaɗar a gida.

A bakin matakalar sauka ƙasa muka tarar da wanda ya yi alkawarin raka mu, wani Alhaji ɗan Damagaram mai sarin jallabiya da turare a Wustul Balad, tsakiyar birnin. Ya fi shekara ashirin a garin. Ya ji an ce malami ya zo daga Katsina, shi ne ya ajiye kasuwa ya zo neman albarka. Na sha ganin mutumin nan a Ramsis da ɗauri biyu a kafaɗa yana keta Larabawa ko waiwaye ba ya yi. Amma yana hango rawanin Baffa sai tsohon ladabinsa ya farka. Ya cire takalmi a kan kwalta, ya zube.

To ni ina zan tsaya? Na zube ni ma. Nan a bakin matakala, inda mutane suke kwarara ƙasa, aka buɗe gaisuwa. An tambayi gajiya, an tambayi iyali, an tambayi mutanen Damagaram da na Katsina, aka yi ta'aziyyar mahaifina, aka ɗaga hannu aka yi masa addu'a mai tsawo. Jama'a suna rabewa ta gefenmu, jakunkuna suna bugun ƙeyata. Wani mai kwat da jakar ofis ya yi tuntuɓe da takalmin Alhaji, ya juyo ya faɗi wata magana da ta shafi iyayenmu mata.

"Me ya ce?" in ji Baffa.

"Maraba yake yi wa Baffa."

"Madalla. Larabawa akwai sanin darajar baƙo."

Muka gangara. Baffa a gaba, Alhaji a bayansa kaɗan, ni a ƙarshe da jakar Baffa, da wayarsa, da fasfonsa, da takardun likita. Wato wanda bai san hanya ba kuma ba ya gani sosai shi ne jagora, mu biyu da muka san kowane rami muna biye. Ba a ce wa Baffa "yi dama". Sai dai in ce, "Allah gafarta Malam, kamar mutane dama suke yi." Shi kuma ya ce, "Na gani," ya yi hagu. Sau biyu muka kewaya wani mai sayar da safa, har a na biyun ya miƙo mana safar, yana zaton ciniki muka dawo yi. A wurin ƙarfen nan mai juyawa da ake turawa a wuce bayan an sa tikiti, babbar rigar Baffa ta naɗe. Na durƙusa ina kwance ta da yatsu biyu don kada in taɓa shi, layin da ya taru a bayanmu yana ta tsaki.

Da ƙyar muka isa dakalin jirgin da yake zuwa Dokki. Jirgi ya zo, ƙofofi suka buɗe, masu fita da masu shiga suka gwabza. Buɗewar ƙofar nan ba ta fi ka karanta ƙulhuwallahu sau biyu ba. Baffa ya isa bakinta ya ja ya tsaya, ya juyo, ya buɗe hannu.

"Bismillah, Alhaji."

"Subhanallahi, Allah gafarta Malam. Ni wa da zan shiga gabanku?"

"Kai ne ɗan gari."

"Ku ne baƙi, kuma ku ne malamai. Bismillah."

"A'a, ai ka girme ni a ƙasar nan."

Ƙofa ta yi ƙara ta rufe. Jirgi ya tafi da iskarsa, ya ɗaga wa Baffa riga. Baffa ya bi shi da kallo ya ce direban nan ba shi da tarbiyya.

Na biyu ya zo, aka sake. Wannan karon Alhaji ya kawo hujja a kan girmama malamai, Baffa ya mayar masa da wata a kan tawali'u, ƙofa ta rufe kafin a ga wadda ta rinjaya. Na uku ma haka. Ni ina baya ina duba agogo ina haɗiye abin da yake taso min. Ni da nake shiga jirgin nan da buhun littattafai a lokacin tashin ma'aikata, ga ni yau ina kallon jirage uku suna wucewa don manya biyu suna rige-rigen zama na baya. Wani dattijo mai sayar da tishu da yake zaune a benci ya ce min cikin Larabcinsu, "Ya shehi, ku kuke jiran jirgi ko shi yake jiranku?" Ban fassara ba.

Sai Baffa ya gano inda matsalar take. Ya ce cunkoso ne ya yi yawa a nan, mu matsa can tsakiya inda ya hango mutane tsaye cikin natsuwa. Ya kama hanya, muka bi.

A metro na Alƙahira akwai taragu a tsakiya da aka keɓe wa mata, da allo a sama mai hoton mace. Na ga allon. Alhaji ma ya gan shi. Muka kalli juna, kowa yana jiran ɗaya ya buɗe baki. Yaya za ka ce wa malamin da ko matansa ba sa ganin cin abincinsa, "Baffa, cikin mata ka tsaya"? Shi kuwa da idonsa mai yana, baƙaƙen abayoyin nan ya ɗauke su dattawa ne masu alkyabba, har ya yi musu sallama. Na tattaro ƙarfin halina na ce, "Allah gafarta Malam, wurin nan kamar an keɓe shi."

"To ai gara," ya ce. "An keɓe wa masu hankali."

Jirgi na huɗu ya tsaya. Ban sani ba ko gajiya ce ko kunyar dattawan alkyabba, Baffa bai ce wa kowa bismillah ba, ya sa kai kawai. Mata suka rufa masa baya. Ni ina taku uku a baya kamar yadda aka koya min, ƙafata ɗaya ta ɗaga, ɗaya ta ƙi, don shiga taragon mata ga ƙato irina ba ƙaramin abin kunya ba ne. Kafin ƙafafun su daidaita ƙofa ta rufe. Ta gilashi na ga farin rawani a tsakiyar gyale da hijabai yana tafiya, har rami ya haɗiye shi.

Dattijo ne da ba ya gani, Larabcinsa na littafi ne wanda in ya yi shi a kasuwa dariya ake yi, kuma duk abin da zai nuna ko shi wane ne yana rataye a kafaɗata saboda ladabi. Na fara tunanin da wane baki zan gaya wa Inna.

"Bon," in ji Alhaji, da Faransancin da yake zuwa masa in ya rikice. "Me ya sa ba ka gaya masa ba?"

"Alhaji, kai ma ai ka ga allon."

"Ni bare ne a gidanku."

Jirgi na gaba yana tsayawa sai ga Alhajin da na sani ya dawo. Ya sa gwiwar hannu, ya sa kafaɗa, ya ce "yalla" da muryar 'yan dako, ya jawo ni ciki ta igiyar jaka. Ko bismillah ɗaya ban samu ba.

A tasha ta gaba, Ataba, muka same shi zaune a benci, ya haɗe rai. A kansa wata mata ce tsaye, ƙatuwa, da kwandon ganyen miya a hannu. Ita ta kamo wuyan hannunsa ta fito da shi ta zaunar, ta kuma ƙi tafiya sai ta ga masu shi. Tana ganinmu ta sauke kwandon don ta ji daɗin yi mana faɗa da hannu biyu. Ta ce haramun ne a kanmu. Ta ce wane irin ɗa ne zai saki ubansa a metro bai riƙe masa hannu ba. Ta ce da ɗanta ne da ta cire masa silifas. Mutane suka fara taruwa, kowa da fatawarsa.

"Me take cewa?" in ji Baffa.

"Addu'a take yi wa Baffa."

"Ƙarya kake. Wannan ba muryar addu'a ba ce."

Matar ta ɗauki kwandonta ta tafi. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mace ta kama hannuna a bainar jama'a. Kana ina?"

"Ina bayan Baffa."

"Uhm," ya ce.

Mun isa wurin likita a makare, muka jira aka gama da waɗanda suka san yadda ake shiga jirgi. Likitan ya ɗiga wa Baffa wani magani da yake buɗe ƙwayar ido, ya haska, ya sa ranar aiki mako mai zuwa. Ya ce har yamma Baffa zai riƙa ganin komai dishi-dishi fiye da da, haske zai dame shi, a riƙe masa hannu duk inda za shi. Wannan na fassara shi daidai, ban rage komai ba. Baffa ya ce shi ba makaho ba ne da za a ja shi, kuma Tanta yau ba fashi. Na dubi Alhaji ko zai sa baki. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda Malam ya ce, haka za a yi."

Komawa Ramsis Allah ya taimake mu, taragon da ya tsaya a gabanmu ba cunkoso, suka shiga tare bayan bismillah biyu kacal. Muka hau sama zuwa tashar jirgin ƙasa. Falo ne babba mai fitilu da ƙyalli, Baffa ya tsaya a bakinsa ya tambaya ko masallaci ne, ya fara cire takalmi, sai da Alhaji ya rantse masa cewa tasha ce. Yana gaba, hawaye na zuba daga idanunsa saboda hasken, yana lalube da ƙafa, ya ƙi yarda ko gefen rigarsa a riƙe. Jirgin da muka yi niyyar kamawa ya daɗe da tafiya. Wanda muka samu na talakawa ne mai tsayawa a kowane ƙauye, ya cika, yana shirin tashi. Alhamis ce, kowa zai koma garinsu, sojoji da jakunkuna, mata da kwali a ka, ma'aikata da ledar burodi.

Shiga jirgin ƙasa daban yake da shiga metro. Ƙofarsa tana sama, akwai matakalar ƙarfe, kuma tsakanin jirgin da dakalin da ake tsayawa akwai rata da ƙafar mutum za ta iya shigewa. Muka isa ƙofar, jama'a na turo mu ta baya. Wallahi, da idanun nan masu zubar ruwa, Baffa ya tsaya ya juyo.

"Bismillah, Alhaji."

Aka busa usur. Jirgi ya girgiza. Baffa ya ji motsin, ya juya da sauri ya kai ƙafa inda yake zaton matakala take. Ba komai a wurin. Ƙafarsa ta hagu ta zurma cikin ratar har gwiwa, jirgi kuma ya fara ja.

Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na cafki wuyan rigarsa ta baya da hannu ɗaya, ɗayan na sa a ƙugunsa, na fizge shi sama na cusa shi cikin ƙofar yadda nake cusa buhun littattafai. Bakina kuma ya buɗe da kansa, da muryar da duk taragon ya ji.

"Yalla, shiga mana! Halas, shiga!"

Muka zube ciki tare a kan kwalin wata mata. Rawanin ya warware, hular ciki ta faɗi, wani soja ya take ta. Takalmin ƙafar hagu ya tafi ƙarƙashin jirgi. Larabawa suka yi ta bubbuga bayana suna sa min albarka, wani ya ce haka ɗa yake. Alhaji kuwa ya shigo da kansa jirgi na tafiya, cikin gwaninta, da rawanin Baffa a dunƙule a hannu kamar wanki.

Tunda nake ban taɓa ganin kan Baffa a buɗe ba sai ranar. Ɗan ƙarami ne, furfura ta cinye shi, ga tabon ƙaho biyu a ƙeya. Yana zaune a ƙasan tarago yana haki, yana lalube da hannu yana neman hularsa. Tausayinsa ya kama ni har na ji idona ya cika. Sai kuma na ɗaga kai na ga Alhaji yana kallon wannan kan da nake kallo. Da Larabawa kaɗai suka gani da da sauƙi, Larabawa ba su san gidanmu ba. Amma Bahaushe ya gani, Bahaushen da yake da abokan ciniki a kowace kasuwa daga Damagaram zuwa Funtuwa.

Wani ya tashi ya ba Baffa kujera. Baffa ya naɗa rawaninsa a hankali, bai yarda kowa ya taya shi ba. Na cire takalmina na ajiye a gabansa, ya sa, ya ɗauki nasa wari ɗayan ya tura a aljihun riga. Ina tsaye a kansa ina riƙe da ƙarfe, ina jera hujjoji a zuciya. Shekara takwas ina karanta babin larura da abin da take halattawa, da an ba ni dama da na kare kaina har Tanta ban maimaita dalili ba. Amma a gidanmu kare kai a gaban babba shi ma laifi ne mai zaman kansa, don haka na yi shiru. Sai da muka wuce garin Banha Baffa ya yi magana.

"Alhaji, ka gani?"

"Na gani, Allah gafarta Malam. Amma ai da bai..."

"Ka dai gani."

"Na gani."

Ziyarar Tanta na yi ta da safa. Baffa ya daɗe yana addu'a a bakin kabarin, ni ina tsaye a bayansa, ban san ko ina cikin addu'ar ba.

Aikin ido ya yi kyau. Ranar da aka cire bandeji ya karanta allon wani kanti daga ƙetaren titi, ya yi hamdala, ya dube ni sama da ƙasa karo na farko da ido mai gani. Sauran kwanakin tasi muka riƙa hawa, don mai tasi yana iya jira a gama bismillah. Na ci gaba da durƙusona har filin jirgin sama. Ya miƙo min hannu ya ce Allah ya yi albarka, irin wadda ake sa wa direba in an sauka lafiya.

Bayan mako uku Inna ta kira. Ta ce Baffa ya tara dangi a zauren bayan sallar Juma'a. Ya ce musu abu biyu ya gani a Masar. Na farko, na sake shi a cikin mata a ƙarƙashin ƙasa har wata ta kama masa hannu. Na biyu, na ja shi da wuyan riga kamar ragon layya, na tuɓe masa rawani a gaban mutumin Damagaram, na kuma daka masa tsawa da Larabcin 'yan tasha. Ya fito da takalmi wari ɗaya ya ajiye a gabansu. Bai faɗi inda ɗayan yake ba, ba wanda kuma ya tambaya, don ba a tambayar babba. Daga nan ya kira ɗan gwaggona ya zaunar da shi a kan buzun mahaifina, aka shafa fatiha.

"Da gaske ka ja shi da riga?" in ji Inna.

"Da gaske ne."

"Ka yi masa tsawa?"

"Na yi."

"Ina ɗaya takalmin?"

"Yana ƙarƙashin jirgi, Inna. Saura kaɗan ƙafar ta bi shi."

Sannan ta ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ta shiga ba ni labarin akuyarta da ta haihu.

Abin ya yi min ciwo ƙwarai, kuma abin da ya fi cin raina shi ne duk abin da Baffa ya faɗa gaskiya ne, ko kalma ɗaya bai ƙara ba. Na yi kwanaki ba na son magana da kowa. Alhaji ya zo har Hayyin Ashir ya ba ni haƙuri, ya rantse ko matarsa bai gaya wa ba. Na yarda da shi a kan matar. Amma a makon nan mutum uku suka tsayar da ni a Wustul Balad suna tambayar lafiyar rawanin Baffa.

Wata shida bayan haka Inna ta sake kira. Ɗaya idon ma ya yi yana, Baffa zai dawo. Na ce ai yanzu yana da mai zaure, sai ya rako shi ya ɗaukar masa buta.

"Ya nemi ya rako shi," in ji Inna. "Baffanka ya ƙi."

"Saboda me?"

"Ya ce ƙasar can ba ta mai kunya ba ce. Ya ce wannan zai bari jirgi ya taka shi yana durƙushe a baya yana cewa Allah gafarta Malam. Ya ce a gaya wa marar kunyar nan ya tarbe shi, shi ne ya san yadda ake yi."

Na zauna a bakin gado. Na ce, "To in ya san haka, Inna, zauren fa?"

"Zaure ya wuce, ɗan nan," ta ce. "Ranar Talata jirginsa zai sauka. Ka je da wuri."